Abin da Aka Bari a Faranti

Kakuri, Kaduna
Litinin, 14 ga watan Afrilu

'Yata Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin isa Jos lafiya, ke da kwanukanki na gasa kek, ba wanda ya lanƙwashe a bayan mota. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta? Allah ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga mugun direba da mugun maƙwabci, ya kuma tsare ki daga halin ubanki, wanda ya fi su biyun ɓarna.

Ran Asabar mai zuwa shekara goma sha tara ke nan cif da Mama Kande ta ɗaga fondan ɗina, ɓawon sukarin nan da na lulluɓe kek da shi, sama a gaban 'yan biki, ta tambaye ni ko ana wanke shi a sake amfani da shi. Kin san ta, tsohuwar nan mai sanda da ke zama a benci na biyu a coci, wadda ta daɗe tana shugabancin matan zumunta. Har yau ban yafe mata ba. Fasto ya yi wa'azin gafara ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da ya yi, ni yake kallo. Ya yi ta kallo.

Da na so in tafi kabari da wannan labari, domin kina 'yar shekara bakwai aka yi shi, kuma mamanki ba mai tone-tone ba ce. Amma kin tilasta mini. A walimar bankwanar da muka yi miki, ina zaune ina kallo Gwaggonki Laraba ta sa farce ta ɓare fondan ɗin da ke kan rabonta, ta ture shi gefen faranti, ta ci kek ɗinta hankali kwance. Sai ga ki a kanta. Kika ce, "Gwaggo, kwana biyu na yi a kan furen nan. In mutum bai san abu ba, ai sai ya tambaya." Kika ɗauke farantin daga hannunta. Matar da ta goya ki! Ni kuwa ba muryarki na ji ba, tawa na ji, har da yadda kika ɗaga haɓa. An kuma nuna mini amsar da kika rubuta wa wata a waya, wadda ta ce kek ɗin bikin ɗanta ya cika zaƙi yana kama haƙori, kika ce mata ta je ta sayi burodi. Rahila, da wannan bakin za ki buɗe shago a garin da ba ki da kowa?

To zauna ki karanta, ko da ranki bai so.

Ni ba mai kek ba ne tun asali. Na yi karatun zane har na sami takarda mai hatimi, na yi shekaru a ɗakin zane na masaƙa nan Kakuri. Atamfar da na zana da hannuna, na gan ta a jikin mata har a Makurɗi. Ran da aka sa wa ƙofar masaƙa kwaɗo, mu da muke Turanci ta hanci muka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wani ya koma acaɓa, wani ya koma ƙauye, ni na koma gindin mangwaron gidan nan ina zagin gwamnati daga safe zuwa yamma. Mamanki ce ta riƙe gida, da babbar tukunya da yashi a cikinta da gawayi a ƙasa. A haka take gasa kek, ba ado, ba komai, samansa ja-ja kamar ƙasar Kagoro. Amma daga Sabon Tasha har Rido, in za a yi suna ko baftisma, sai a ce a je wurin Saratu. Idan ta buɗe tukunya, har masu gyaran taya na bakin titi sai sun aiko a gaishe ta.

Sai wata mata ta zo daga Legas ta yi kwas na kwana uku a kan adon kek. Zaman banza ya kai ni. Ran farko ta kwaɓa garin sukari, ta murza shi da sanda ya yi faɗi, ta ɗaga shi fari fat ba ko tabo, ta lulluɓe kek da shi. Ta ce sunansa fondan. Ni abin da na gani shi ne farin yadi ya fito daga inji yana jiran zane. Na ce Allah ya mayar mini da masaƙata.

Daga nan na fara ɓata. Na manta cewa tela ne ni, an kawo mini ɗan wata in ɗinka masa riga. Sai na ɗauka rigar ce ɗan. Mutane su zo su ce suna son kek ɗin Saratu, ni kuma in zaunar da su ina nuna musu zane a takarda. Ki ji da kyau: fondan riga ce. Aikinta a gan ta, a yi tafi, a ɗauki hoto, ta kuma hana kek bushewa kafin a yanka. Da zarar wuƙa ta shiga, ta gama aikinta. Wanda ya ɓare ayaba ya yar da ɓawon bai zagi manomi ba. Gwaggonki ba ta zage ki ba, ayabarta take ci.

Yanzu bikin Mama Kande. 'Yar ƙanenta ce ta yi aure a Sabon Tasha, a watan nan na zafi, ƙarƙashin rumfar tanti. Kek hawa uku. Na karɓi ƙyallen ankon biki na kwafe zanensa a jikin fondan, shuɗi da ruwan gwal, har mai hoto ya taɓa da yatsa don ya tabbatar ba atamfa ba ce. Tun da aka rufe masaƙa ban taɓa jin ni mutum ne ba sai ran nan. Aka yanka, aka raba. Can sai na ji muryarta, kin san ba ta buƙatar lasifika.

"Malam Ishaya! Wannan ledar da ka naɗe mana kek da ita, ana wankewa a sake amfani da ita ne, ko mu zubar?"

Ta riƙe shi da yatsa biyu kamar ta tsinci mataccen ƙadangare. Rumfa ta ɗauki dariya. Wani mutumin Binuwai daga dangin ango ya ce, "Mama, ashe ba a haɗiyewa? Ni tun ɗazu nake taunawa, na ɗauka cingam ne aka raba."

Da na yi dariya tare da su, da maganar ta mutu a wurin. Ban yi ba. Na tashi na ƙwace makirfo daga hannun mai gabatarwa. Na yi musu lacca. Na gaya musu a Turai 'ya'yan sarauta ke cin wannan abu. Na ce mutanen da iyakar saninsu ƙosai da masa ba su da bakin magana a kan aikin gwaninta. Na rufe da cewa ba laifinsu ba ne, ko an ba jaki zuma, dusa zai nema. A gaban surukai, Rahila. A gaban Fasto. Amarya ta sunkuyar da kai, mamanki na tsaye da wuƙar yanka a hannu ta rasa inda za ta sa idonta.

Mama Kande ko gezau. Ta ce, "To Malam, mu jakuna mun cinye na Saratu tas. Zumarka ce ta rage."

Wannan maganar ce ban yafe ba, kuma na san dalili: gaskiya ce.

Kada ki taɓa amsa wa mai ƙorafi a gaban jama'a, ko a rumfa ko a waya, duk ɗaya ne, sai ma dai na waya ba ya gogewa. In kin yi nasara a gardamar, kin kunyata mai saye. In kin faɗi, kin kunyata kanki. Ki ce, "Mama, ki ɓare abinki, na cikin ne naki." Shi ke nan. Kalma nawa ce? Ni na kasa faɗinta, mai takarda da hatimi.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Kin san matanmu ba sa cinye rabonsu a wurin biki. Sai an gutsura an naɗe a takarda an sa a jaka, don tsohuwa da ke gida da wadda ta haihu ba ta samu zuwa ba. A wurinmu wanda bai ɗanɗana kek ɗin biki ba kamar ba a gayyace shi ba ne. Matar Legas ba ta koya mini wannan ba, ni kuma da na tashi a cikinsa ban tuna ba. Fondan mai kauri kamar tafin hannu, da shuɗin kala, a cikin jaka, a cikin keke, a zafin Afrilu, har Rido. Washegari Lahadi mata suka zo coci da shuɗin ɗankwali, wata da shuɗin littafin waƙoƙi. Wata shida ana kirana Mai Bula a unguwar nan.

Saboda haka kafin ki kunna wuta ki tambayi mai biki: su wa za su ci? A zaure mai sanyi ne ko a tanti? Za a kai wa na gida? Ki gaya mata tun da wuri, baki da baki, cewa abin nan sukari ne zalla, yana da danƙo, wasu na so wasu ba sa so. Ki gutsura mata ta ɗanɗana a gabanki. In ta yamutsa fuska, ki yi mata na bota, kada ki tsaya wa'azi. In ta nace sai mai kama da hoton da ta gani, ki murza shi siriri, ki shafa kirim ɗin bota mai daɗi a ƙarƙashi yadda in an tuɓe rigar ba za a bar kek tsirara ba. Ki roƙi mai gabatarwa ya faɗa cikin wasa cewa wanda bai so saman ba ya ɓare, ba zunubi ba ne. Mutum in an ba shi izini ba ya yin ba'a. Duk waɗannan ba hikimata ba ce. Mamanki ta faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya. Har ta ce mu riƙa yin ƙaramin mai ado don hoto, sannan manyan tire na kek ɗinta a baya don rabawa. Na ce mata ni ban yi karatu don in yi ado wa abin da za a ɓoye a bayan rumfa ba.

Kada ki ɗauka na tuba har na koma ganin mutanen nan waliyyai ne. A'a. Su ne za su zo da hoto a waya su ce sai irin wannan sak, mai santsi kamar tangaran, in kin yi kuma su ce roba ce. Su ne za su ajiye kek a rana awa uku suna jawabi, in ya yi gumi su ce mai kek ba ta iya ba. Su ne za su tura shi firij bayan kin hana, a ɗauke wuta, kala ta zubo kamar hawayen amarya, su kira ki. Akwai wanda ko me kika ba shi sai ya sami abin faɗa, don bakinsa ƙaiƙayi yake. Irin wannan ki ce masa Allah ya ba da haƙuri, ki wuce. Wahalar ita ce gane mai ƙaiƙayin baki daga mai gaya miki gaskiya, don sau da yawa da murya ɗaya suke magana. Mamanki tana da hanyar ganewa.

Duk bikin da muka kai kek, in an fara watsewa, sai ta ɗaura zani a kan kayan adonta ta zagaya bayan rumfa wurin masu wanke-wanke, wai taya su take. Ba taya su take ba, faranti take dubawa. Takan ce mini, "Baban Rahila, bakin mutum yana ƙarya don kunya. Faranti ba ya jin kunyar kowa." Ran bikin Mama Kande, bayan duk abin kunyar da na yi, a keke ta ce mini a hankali, "Ka san ko ɓurɓushi ba su bari ba?" Murna take, tana so ta raba da ni. Ni kuwa sai na ji kamar ta koma bayan abokan gaba. Ni hoto nake dubawa, ita faranti. A gida ɗaya muke, sana'a ɗaya, amma ba abu ɗaya muke sayarwa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda nake jin nauyin rubutawa.

Na ƙudura sai na nuna wa jakunan nan. Na bar hawa uku na koma biyar, na koma bakwai. Kek mai siffar coci da hasumiya, kek mai matakala. Kek ɗin mamanki kuwa laushi gare shi, in kin danna da yatsa sai ya dawo a hankali kamar kumatun jariri. Ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Wata rana muna kai wani Rido, mota ta faɗa rami, hawan ƙasa ya zauna, hasumiya ta kwanta. Maimakon in ce nauyin adona ne, sai na ce kek ɗinta ne ba shi da ƙashi. Na ce ta rage bota, ta rage ƙwai, ta ƙara fulawa, ta bar shi ya daɗe a wuta.

Ta ce, "Zai yi tauri fa."

Na ce, "Tsakanin ni da ke wa ya yi karatu?"

Ta dube ni, ta ce to. Ta yi yadda na ce. Kek ya tsaya kamar ginin bulo, ko a kan babur aka ɗora shi ba ya motsi. Hotuna suka yi kyau, har na cika bangon falo da su, kin tashi kin gan su. Kusan shekara biyu muna haka, ina ganin na ci nasara, ban lura masu suna da baftisma sun daina ƙwanƙwasa ƙofa ba. Sai wani biki a nan Kakuri, ta zagaya bayan rumfa kamar kullum. Ta dawo ta haɗa kayanmu, muna isa gida ta shige ɗaki ta kwanta. Da safe na tambaye ta ko lafiya. Tana shara, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Jiya sun bar nawa ma."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na sami abin amsawa, don a wannan fannin ba a kayar da ni. Ta gama shara, ta ɗauki tukunyar ta juye yashin a bayan gida, ta cika ta da ƙasa ta shuka barkono. Ta ce in nemi wanda zai riƙa gasa mini bulona. Ta koma sayar da gwanjo a kasuwa. Daga ranar har Ubangiji ya kira ta ba ta sake fasa ƙwai a cikin fulawa ba, ko a Kirsimeti. Na yi zaton fushi ne zai wuce. Ban ba ta haƙuri ba, ina jira ta huce. Ni ma ban kai shekara ba na nannaɗe sandar murjina na ajiye, don ba mai sayen riga ba jiki.

Ke a makaranta kika koya, da kuma waya, kuma hannunki ya fi nawa, na yarda. Amma na ci kek ɗinki ran walima, Rahila, kuma ya fara tauri. Na san dalili, kina so ya ɗauki furannin nan. Kada ki taurara na ciki don ya ɗauki na waje. In ado ya fi ƙarfin kek, adon za a rage. Kuma ki daina ƙirga masu yaba hoto a waya, ba su ɗanɗana ba. Ki ɗaura zani ki zagaya bayan rumfa.

Tun da yau ranar tonon asiri ce, ga wani. Fondan ɗin da ke kan rabona ran walimarki, ban ci ba. Haƙorana huɗu da suka rage ba za su iya ba, kuma gaskiya ko da suna cike ban taɓa son sa a baki ba, a ido kawai. Da na ga abin da kika yi wa Gwaggonki, tsoro ya kama ni, na ɓare shi a ɓoye na tura aljihu. Na manta da shi. Yanzu farin kaftanina na zuwa coci yana da jan aljihu, tururuwa kuma sun yi biki a cikinsa. Ki kira Gwaggonki kafin Lahadi. Kira, ba saƙo ba. Ta yi kuka a hanyar komawa, ta hana a gaya miki.

Saura magana ɗaya. A tasha, kina shiga mota, kika sake tambayata ko na samo miki takardar da mamanki ta rubuta yadda take haɗa kek ɗinta, kin ce da shi kike so ki buɗe shago, ki sa masa sunanta. Na ce ina kan nema. Shekara uku ke nan ina ce miki ina kan nema.

Jiya bayan sujada na taka har benci na biyu, na tsaya a gaban Mama Kande, karo na farko tun ran bikin nan. Ta ɗaga kai ta ƙare mini kallo, ta ce, "Malam Ishaya, yau ba ka zo da makirfo ba?" Na haɗiye fushina. Na tambaye ta ko Saratu ta taɓa gaya mata abin da take sawa. Ta ce, "Ɗanɗanonsa yana bakina har yanzu. Kamar akwai ɓawon lemo, kamar akwai citta kaɗan. Amma ɗana, harshe ba ya rubutu. Kai da kake ɗaki ɗaya da ita, ba ka gani ba?"

Ban gani ba. Teburina yana fuskantar taga don in sami haske, ita tana bayana. Shekara da shekaru ina jin ƙarar muciyarta a cikin kwano, ban taɓa juyowa ba.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannunki, ya ba ki masu saye masu haƙuri, ya ba ki kunnen jin marasa haƙurin. Ya tsare ki a hanya da a gida, ya kai ki inda ban kai ba, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙa sa rigar sanyi, Jos ba Kaduna ba ce. Ki gaida mai gidan da kika sauka.

Ki daina jiran takarda, babu ita. Mamanki ba ta taɓa rubutawa ba, da gwangwanin madara da tafin hannu take awo, ta ce sai kin girma ta koya miki. Tukunyar tana bayan gida da barkono a ciki. Yadda ake yin kek ɗin kuwa, mun binne shi tare da ita.

Babanki,
Ishaya